«Zango» da «mita»: matsalar kalmomi a karatun eriya da ƙananan taguwoyi, bisa misalin ƙasar Adar

1. Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2025, kundin da aka sa ma suna «Charte de la Refondation» ya ɗauki hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, faransanci da ingilishi kuwa suka zama harsunan aiki. Wannan mataki ya sake tado wata tsohuwar tambaya wadda ake yi tun lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, watau ko harshen da yaro ya koyi ƙidaya da shi zai iya raka shi har jami'a, har cikin fannonin da ake ganin sun fi wuya. Amsar da mu masu nazarin harshe muka saba bayarwa ita ce, kowane harshe yana iya faɗin kome in an yi masa aiki. Amsar gaskiya ce, sai dai ba ta biya ma malamin kimiyya bukatarsa, domin shi abin da yake son sani shi ne da wace kalma zai shiga aji ran Litinin.

Saboda haka ne muka zaɓi fanni guda muka zauna kansa, watau karatun eriya da na abin da faransanci ke kira «micro-ondes» ko «hyperfréquences». Mun ɗauki misalanmu daga gundumomin Madawa, Buza da Keita na jahar Tawa. Ƙasar Adar ƙasa ce ta tuddai da kwaruruka, inda kowa ya san maganar salula tana isa wannan gari ba ta isa na bayan dutsi, ke nan ɗalibin da ya tashi a can ya riga ya ga da idonsa rabin abin da za a koya masa. Ban da haka, gundumar Madawa tana bakin iyaka da Nijeriya, kuma kalmomin aro na faransanci da na ingilishi suna haɗuwa cikin kasuwa ɗaya. Abin da muke son nunawa shi ne, a wannan fanni rashin kalmomi ƙaramar matsala ce. Babbar matsala tana ga kalmomin da gidajen rediyo suka riga suka raba ma jama'a, domin biyu daga cikinsu suna koya ma ɗalibi akasin abin da littafinsa zai gaya masa.

2. Abin da ɗalibi ke karantawa

Kafin mu shiga maganar kalmomi, ya kamata mai karatu ya san abin da ake ba suna. Tushen fannin shi ne lissafin da James Clerk Maxwell ya wallafa a 1865, inda ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu in suna sauyawa tare, sai su bar wurin da suka taso su yi tafiya cikin sarari da saurin haske, watau wajen kilometir 300.000 cikin sakan guda. Bajamushe Heinrich Hertz ne ya tabbatar da hakan da gwaji a Karlsruhe a 1887 da 1888, a 1901 kuma Marconi ya ƙetarar da saƙo tekun Atlantika ba tare da waya ba. Eriya ita ce na'urar da ke tsakanin waya da sarari: tana sakin abin da ke gudana cikin waya ya fita, ko kuma ta kamo wanda ke wucewa ta mai da shi cikin waya.

Ɗalibin da ya samu bakaloriya ta kimiyya ba ya fara taɓa eriya nan da nan. Shekaru biyu na farko na lissafi ne da kimiyyar lantarki. Sai bayan nan ake shiga layukan da ke kai ƙarfi daga na'urar watsawa zuwa eriya, da bututan ƙarfe da ke maye gurbin waya in abin ya yi sauri ƙwarai, da taswirar nan mai da'irori wadda Phillip Smith ya fitar a 1939. Eriya kanta, da yadda saƙo ke ratsa iska da ƙasa, galibi a shekara ta uku ko a matakin mastar ake zurfafa su. Ɗan Nijar da ke son bin wannan hanya yakan fara daga tsangayar kimiyya ta jami'ar Abdu Mumuni ko makarantar EMIG a Yamai, wasu su wuce ESMT ta Dakar, wadda aka kafa a 1981 kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa ta, wasu kuma su ƙetara zuwa Zariya ko Kano. Littattafan da zai riƙa buɗewa, irin su «Hyperfréquences» na Fred Gardiol ko «Micro-ondes» na Paul Combes, da faransanci suke, waɗanda aka fi yawan ambato a duniya kuwa, na Kraus da Balanis da Pozar, da ingilishi. Ke nan ɗalibin Buza yana tunani da hausa, yana sauraron darasi da faransanci, yana bincike da ingilishi. Ranar da ya gama ya koma aiki, waɗanda za su hau ƙarfe su ɗaura masa eriya, da mai kula da na'urar gidan rediyon gari, da mai gyaran salula na bakin tasha, da hausa zai yi masu bayani, kuma kuskuren bayani a nan yana iya ƙone na'ura.

3. Zango da mita

Abubuwa 2 ne ake auna wannan abu mai tafiya da su. Na farko shi ne sau nawa yake kaɗawa cikin sakan guda, abin da faransanci ke kira «fréquence», ana ƙidaya shi da haz, sunan da aka ɗauko daga na Hertz: megahaz kaɗawa miliyan ce, gigahaz kuma miliyan dubu. Na biyu shi ne tsawon da yake ci a kaɗawa guda, watau «longueur d'onde», ana auna shi da metir. In aka ninka na farko da na biyu, kullum saurin haske ake samu. Ma'ana, in ɗaya ya hau dole ɗayan ya sauka. Megahaz 100 ya yi daidai da metir 3, megahaz 900 na salula santimetir 33, gigahaz 12 na kwanon tauraron ɗan Adam santimetir 2,5. Duk wanda bai riƙe wannan dangantaka ta hawa da sauka ba, sauran karatun ya kuɓuce masa.

Yanzu mu dubi irin jimlolin da mai sauraro ke ji tun yana yaro:

(1) Kuna iya kama mu a kan mita 31, a gajeren zango.
(2) Kuna sauraronmu a kan mita 99 da ɗigo 5, zangon FM.

A jimla ta (1), «mita» awon tsawo ce, watau abin da mu a Nijar muka fi kira metir. Metir 31 ya yi daidai da wajen megahaz 9,7. Wannan amfani tsoho ne, ya zo tare da tashoshin nesa, tun daga sashen hausa na BBC da aka buɗe a 1957, lokacin da fuskar akwatin rediyo take ɗauke da lambobin metir. A jimla ta (2) kuwa, lambar da ke bin «mita» megahaz ce. In aka auna ta da metir, abin da za a samu bai wuce 3 da ɗan kaɗan ba. Da tashoshin FM suka yawaita daga shekarun 1990, masu gabatar da shiri sun gaji kalmar, suka ɗauke ta a matsayin «wurin da ake samun tasha a jikin akwati», suka manna mata sabuwar lamba. Ga mai sauraro babu laifi, tunda abin da yake nema shi ne inda zai tsai da allura. Amma ga ɗalibi, kalma guda ta zama sunan abubuwa biyu da ke tafiya saɓanin juna: wanda ya ji (1) da (2) zai ɗauka 99 ta fi 31 da kusan ninki 3, alhali in tsawo ake nufi ta gaza ta sau 10, in kuma kaɗawa ake nufi ta fi ta sau 10.

Muna zaton akwai abin da ya taimaka ma wannan zamewa. Hausa tana da tata «mita» ta gado, ta mai yawan maimaita ƙorafi, kuma akwai masu son a ce daga ita aka samo ma'anar «fréquence», tunda duka biyu maimaitawa ne. Tunanin yana da daɗi, amma ba mu goyi bayan a shigar da shi aji ba. Ɗalibin Bangi ko Sabon Gida, wanda ke sayen yadi da mita a kasuwar iyaka, ba zai daina jin awon tsawo cikin kalmar ba don malami ya ce ya daina. A cikin wannan ƙasida mun tsai da «metir» ga tsawo, muka ce «yawan kaɗawa» ga «fréquence», muka bar «mita» ga masu rediyo.

Matsalar «zango» ta fi zurfi. A asali zango shi ne masaukin ayari, shi ne kuma tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Waɗanda suka fassara «ondes courtes» da «gajeren zango» sun yi dabara mai kyau, in aka fahimci zango a matsayin tazarar da ke tsakanin ƙololuwa da ƙololuwa. Sai dai ba haka kunnen Bahaushe ke ji ba. Abin da yake ji shi ne gajeriyar tafiya. To, ga shi kuwa gajeren zango shi ne mai zuwa nesa fiye da kowane: yana hawa sama, wani ɓangare na sararin samaniya mai ɗauke da lantarki, wanda Appleton ya tabbatar da samuwarsa a 1924, ya maido shi ƙasa a nisan dubban kilometir. Da shi ne tsoho a Garhanga yake jin tashar da ke wata nahiya, alhali FM ɗin da ke bayan tudu ba ta isa gare shi. Mun sha tambayar ɗalibanmu, waɗanda ba ƴan kimiyya ba ne, wane ne ya fi zuwa nesa tsakanin gajere da matsakaicin zango, kuma amsar da ke fara fitowa ita ce wadda kalmar ta sa su faɗi. Sa'an nan in metir 31 «gajere» ne, me za a ce ma santimetir 3? Faransanci ma bai tsira ba, domin «micro» da ke cikin «micro-ondes» ba ya nufin awon nan na kashi ɗaya cikin miliyan na metir. Fannin yana farawa daga metir 1 ya sauka zuwa milimetir 1, watau daga megahaz 300 zuwa gigahaz 300.

Me za a kira «onde» kanta? An fi jin «igiya», daga igiyar ruwa. Aibinta shi ne, a wannan fanni akwai igiya ta gaske, watau wayar da ke hawa ƙarfe zuwa eriya, kuma dukan darasin ya ginu ne kan bambanta abin da ke cikin waya da abin da ya bar ta. Mun fi son «taguwa», daga taguwar ruwa, kalmar da mutanen yamma suka sani sarai, ƴar'uwar «raƙuman ruwa». Gaskiya ne a rubuce ba ta da bambanci da taguwar sawa, amma ba mu ga jimlar kimiyya da za a rikita su a cikinta ba. Daga nan sai mu samu «tsawon taguwa», da «ƙananan taguwoyi» ga «micro-ondes».

4. Daga Madawa zuwa Buza

Don mu gwada waɗannan kalmomi, mun ɗauki irin aikin da ake ba ɗalibin shekara ta uku, muka yi shi da hausa daga farko har ƙarshe. Lissafin aji ne, ba bayanin wani layi da aka gina ba. Tsakanin Madawa da Buza akwai kusan kilometir 40 a miƙe. A ce ana son haɗa garuruwan da abin da faransanci ke kira «faisceau hertzien», watau kwano biyu masu kallon juna, irin gangunan nan farare da ake gani a jikin dogayen ƙarafan salula, a kan gigahaz 7. Tsawon taguwar ke nan santimetir 4,3. Dabarar ba sabuwa ba ce, an gwada ta tun 1931 tsakanin Faransa da Ingila, a ƙetaren mashigin Kale.

Ƙaramar taguwa irin wannan tana tafiya kusan kamar haske, saboda haka sharaɗi na farko shi ne kwanukan su ga juna. Amma ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Ko da babu tudu ko ɗaya, doron duniya kansa yana tasowa a tsakiyar hanya. Iska tana ɗan lanƙwasa taguwar zuwa ƙasa, abin da ke rage matsalar, kuma injiniyoyi sun saba lissafa wannan da ɗaukar duniya kamar ta fi girmanta da kashi 1 cikin 3. Duk da haka, a kan kilometir 40 doron yana kai wajen metir 24.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ɗalibai ba sa tsammani. Ganin juna kaɗai bai isa ba, domin taguwa ba zare ba ce, tana bukatar fili kewaye da layin gani, mai siffar ƙwai da aka ja ya yi tsawo, siriri a bakin kowane kwano, mai kauri a tsakiya. Ana kiransa da sunan Augustin Fresnel, Bafaranshen da ya yi nazarin haske a farkon ƙarni na 19. A misalinmu, daga layin gani zuwa gefen wannan fili akwai wajen metir 21 a tsakiyar hanya, kuma ƙa'idar aiki ita ce a bar aƙalla kashi 60 cikin 100 nasa babu abin da ya shiga, watau wajen metir 12. In aka haɗa da doron duniya, metir 36 ke nan bisa ƙasa, tun ba a yi maganar itace ba.

Itace kuwa a wannan yanki ba abin mantawa ba ne. Tun daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska cikin kwarin Majiya, daga 1984 kuma babban aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya ta ba kuɗi tare da FAO, ya maido da itatuwa a gangarori da fako masu yawa. Ganye mai ruwa yana shan ƙananan taguwoyi. Dogon yaro yana kai metir 10 ko fiye, kuma injiniyan kirki ba tsawon yau yake lissafawa ba, na shekaru 10 masu zuwa yake sawa. Da haka lissafin ya doshi metir 50 ga kowane ƙarfe, in a ce ƙasar daidai take. A nan ne tuddan Adar, waɗanda mai salula ke kuka da su, suke zama abokan injiniya: in ya kafa ƙarfensa a bakin tudu, dutsi ya ba shi gomman metir kyauta. Abin da ya rage masa shi ne garin da ke ƙasan kwari, cikin inuwar tudun. Taguwa tana iya ɗan zagaya gefen abin da ya tare ta, kuma gwargwadon tsawonta gwargwadon iya zagayenta. Shi ya sa FM mai metir 3 take sauka inda salula mai santimetir 33 take wahala, shi ya sa kuma megahaz 900 ya fi 1800 amfani a karkara. Wanda ke hawa tudu da yamma don ya kira ɗansa da ke ci-rani, fita yake yi daga wannan inuwa.

Da muka zo ba tazarar da ke tsakanin kwano da kwano suna, wadda faransanci ke ce ma «bond», sai muka ga kalmar tana hannunmu tun ɗazu. Wannan shi ne zango na sosai: saƙo ya taso, ya sauka a masauki, a ƙara masa ƙarfi, ya kama hanya zuwa masauki na gaba. Layi daga Madawa zuwa Keita ta Buza zango 2 ke nan, kuma kowane ɗan Adar zai gane jimlar ba tare da an fassara masa ba. Ra'ayinmu shi ne a mai da kalmar nan inda ta dace a cikin aji, a bar «gajeren zango» ya zama daskararren suna na masu rediyo, kamar yadda harsuna da yawa suke riƙe da sunayen da ma'anarsu ta asali ta shuɗe.

5. Eriya da ribarta

A Nijar an fi cewa «antan», daga faransanci, a Nijeriya «eriya», daga ingilishi. Mun ɗauki ta biyu don ta riga ta zauna a rubuce kuma ana gane ta a ɓangarorin iyaka biyu, amma wannan ba abin jayayya ba ne. Faransanci ma aro ya yi, daga kalmar latin mai nufin sandar da ake ɗaura filafilan jirgin ruwa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, a bakin jama'a kalmar tana nufin dukan dogon ƙarfen da ke tsaye a bayan gari. Ga injiniya kuwa ƙarfen turke ne kawai. Eriyoyin su ne dogayen allunan da ke samansa, masu magana da salular mutane, da gangunan da ke magana da turke na gaba. Haka nan «rezo» take, wani lokaci tana nufin kamfani, wani lokaci dukan tsarin turaku da layuka, wani lokaci ƙarfin abin da ke isowa, kamar a «babu rezo». Waɗannan malami yana iya warware su cikin minti 5.

Wadda ba ta warwaruwa da sauƙi ita ce «gain». Fassarar da ke zuwa baki ita ce «riba», kuma riba a hausa ƙari ce bisa uwar kuɗi. Eriya kuwa ba ta ƙara kome. Ƙarfin da aka ba ta shi take fitarwa, har ma da ƴar asara. Abin da take yi shi ne hana shi watsewa ko'ina, ta tattara shi wuri guda, kamar yadda madubin cocila yake yi ma ɗan ƙwan da ke ciki. Kwano mai faɗin metir 1,2 a kan gigahaz 7 yana tattara ƙarfi cikin ɗan tsukin da bai wuce digiri 2,5 ba, kuma a cikin wannan tsuki ƙarfin ya ninka wajen sau 4.000 bisa wanda za a samu in da an watsa shi kowace fuska daidai. Abin da gaba ta samu, gefe da baya ne suka rasa. Don haka muke ba da shawarar «tattarawa», ko «ƙarfin tattarawa». Mai ɗaura kwano da aka gaya ma haka zai gane dalilin da ya sa kaucewar digiri 2 take raunana layi, zai kuma gane dalilin da ya sa ba a tsayawa gaban kwano yana aiki.

Ba za mu wuce nan ba sai mun tuna cewa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, Abdu Mumuni Jofo, haifaffen Tasawa, ya yi bincikensa ne kan yadda madubi mai siffar kwano yake tara hasken rana a wuri guda. Lissafin siffar madubin da na kwanon eriya ɗaya ne, tsawon taguwa ne kawai ya bambanta. Shi ne kuma ya kare koyarwa da harsunan Afirka cikin littafinsa «L'éducation en Afrique» na 1964.

Ana auna tattarawa da asara da desibel, awon da ke mai da ninkawa ta zama tarawa: desibel 3 ninki 2 ne, 10 ninki 10, 30 ninki 1.000. Kwanonmu yana da 36. A kan hanyar Madawa zuwa Buza, bazuwar taguwa kaɗai tana cin wajen 141, bisa lissafin da Harald Friis ya tsara a 1946. In aka aika wat 1, aka haɗa tattarawar kwano biyu, aka cire asarar hanya, abin da ke isa Buza bai wuce kashi 1 cikin miliyan 8 na wat ba, kuma wannan ya ishi na'urar karɓa har da rara. Rarar ba ado ba ce. Da asuba, in iska ta kwanta hawa-hawa, mai sanyi a ƙasa mai ɗumi a bisa, taguwa tana iya lanƙwashewa ta kauce ko ta iso ta hanyoyi biyu su kashe juna. Ruwan sama kuwa sai an haura gigahaz 10 yake zama babban abokin gaba, abin da duk mai kallon talabijin ta kwano ya sani a watan Agusta.

6. Abin da nahawu ke bayarwa, da abin da ya gagara

Akwai wuraren da hausa ta fi faransanci sauƙin aiki, kuma ba mu ga an lura da su ba. Tsarin azuzuwan aikatau da Parsons ya bayyana a 1960 yana nuna alkibla cikin kalmar kanta: aika da aiko, koma da komo, watsa da watso, ga kuma watsu da bazu ga abin da ya auku da kansa. Inda faransanci ke bukatar «onde incidente» da «onde réfléchie», kalmomi biyu da ɗalibi zai haddace, hausa tana cewa taguwa mai tafiya da taguwa mai komowa. Ga «polarisation», wadda take ko dai a tsaye ko a kwance, masu ɗaura kwano ba su jira mu ba. Sunayen na'ura masu ɗafa-goshin ma- suna ba da «mawatsi» da «makarɓi», ko da yake a Adar, kamar yadda mai duba littafin Bernard Caron na 1991 kan hausar yankin zai yi tsammani, karin harshe yana da nasa zaɓi: an fi cewa amsa da karɓa, kuma «amsa» a daidaitacciyar hausa tana da wata ma'ana da fannin ke bukata.

Wadda ta gagare mu ita ce «impédance». Abin da take nufi a aikace shi ne, waya da eriya kowace tana da nata gwargwado tsakanin matsin lantarki da gudunsa, ana auna shi da om: wayar na'urar watsawa galibi 50, ta talabijin 75, eriya mai rabin tsawon taguwa wajen 73. In na waya da na eriya ba su dace ba, wani kashi na ƙarfin ba ya fita, sai ya komo ta hanyar da ya bi, ya zafafa na'urar da ta aiko shi. Sandar eriyar FM da aka yanke ba bisa awo ba, ko mahaɗin da ruwa ya shiga, suna iya jawo haka, kuma ga gidan rediyon gari mai na'ura guda ɗaya tak, wannan yana nufin makonni na shiru. Mun gwada «turjiya», amma an riga an ba «résistance» ita, kuma bambanta su biyu shi ne rabin darasin. Mun gwada misalin masu noman albasa na kwarin Tarka, waɗanda suka san abin da ke faruwa in an haɗa babban tiyo da ƙarami a bakin injin ban-ruwa. Misalin yana taimakawa a minti na farko, daga nan ya fara ɓatarwa, domin gwargwadon waya bai dogara ga tsawonta ba, kuma yana da wani ɓangare da ke nuna jinkiri tsakanin matsi da gudu, wanda ruwan tiyo ba ya nunawa. Aikin daidaita su, watau «adaptation», ya samu suna cikin sauƙi, «daidaitawa». Ga abin da ake daidaitawar kuwa, a takardun gwajin da muka shirya mun rubuta «ampedansi», muka bi ta da bayani na layi 3, kuma muna roƙon abokan aikinmu na sashen kimiyyar lantarki su gwada ta a gaban ɗalibai da masu gyara, su gaya mana abin da suka ji an maimaita.